Dawa Mai Kunya

Duk wanda ya bi ta lungun su Mannir mai gyaran injin ban-ruwa a Funtua cikin daminar bara, sai ya ɗaga kai ya kalli abin da ya leƙo ta saman katanga. Dawa ce tsaye ƙiƙam, a gidan da babu ko tafin hannu na ƙasa, tsakar gida duk siminti. Matan lungu sun samu abin taunawa har kaka ta wuce. To, ga yadda aka yi, saboda waɗanda suka ji rabi suka cika rabi daga bakinsu.

Mai dawar ita ce Inna Ladidi, mahaifiyar Mannir. Shekara uku ke nan da aka ɗauko ta daga Tudun Marke, wani ɗan ƙauye can bayan Maska, lokacin da mutanen daji suka hana noma suka hana barci, gari ya watse. Mijinta Malam Sada ya riga ya rasu, Allah ya rufa masa asiri bai ga tashin ba. Ranar da Mannir ya zo da babur ya ce ta hau, ba ta ɗauki kwanuka ba, ba ta ɗauki tabarma ba. Ƙullin zannuwa ta ɗauko, da wani ɗan gora baƙi ƙirin mai toshiyar totuwa. A cikinsa akwai irin dawa, bai fi cikin hannu ɗaya ba.

Kaura ce, amma ba irin wadda ake aunawa a kasuwa ba. Gidan su Malam Sada ke nomanta tun kakansa. Ƙwayarta rawaya ce mai ɗan ja a gindi, tuwonta kuwa in ya kwana aka yi ɗumame, sai maƙwabta sun san an yi. Rumbun gidan ya ƙone. Waɗanda suka taɓa karɓar irin sun cinye nasu a gudun hijira. Ladidi ta aika Kafur, ta aika Musawa, duk inda dangi suka watsu, amsa ɗaya ce: babu. Abin da ke cikin goran nan shi ne ya rage a duniya.

Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta jawo goran ta kai kunne ta girgiza. Kacau, kacau. Sai ta mayar ƙarƙashin matashi. Daminar farko ta ce bana za a koma gida a shuka. Ta biyu ma haka. Da hadari ya fara haɗuwa a ta uku, ta kira ɗanta.

"Auta, ina son buhuna bakwai da ƙasa."

"Ƙasa kuma, Inna? Gini za ki yi?"

"Shuka zan yi. Iri ba ya wuce damina uku a gora. In bai ga ƙasa bana ba, ya mutu, ubanka ya sake mutuwa ke nan."

Mannir ya sosa ƙeya. "Inna, dawa fa cike take a kasuwa. Ko irin zamani kike so, gobe in kawo miki mudu."

"Ka kai wa uwar wani."

Matarsa Suwaiba tana gefe tana tsinkar alayyafo, ta kasa riƙe dariya. Ita ma manomiya ce ta irin nata. Tana da alayyafo a fasassun bokitai, yakuwa a tsohuwar taya, tumatir biyu a robar fenti, kuma ba ta da aiki sai nuna wa baƙi. Ta ce, "Inna, kayan miya dai na san ana yi a buhu. Amma dawa? Ai sai ta tsaga mana kwano."

"'Yar nan, ke yi ta miyarki. Miya ba tuwo ai wankin baki ce."

Aka kawo ƙasa a baro daga bayan gari, jar ƙasa mai tsakuwa, Ladidi ta murza ta yatsine fuska ta ce ƙasar birni ko ƙamshi ba ta da shi. Ta bi gidajen lungu tana roƙon kashin awaki, ita da ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba. Ta huda gindin buhunan da tsinke, ta jera su a jikin katangar gabas. Washegarin ruwan shuka ta zazzage goran kaf, don ta san rabin ƙwayoyin sun riga sun mutu, ba ta san waɗanne ba. Ta yi bisimilla, ta rufe ramukan da diddige kamar yadda ake yi a gona, ƙafa ɗaya cikin buhu, hannu ɗaya dafe da bango.

Tsiro goma sha ɗaya ne suka fito. Goran kuwa ya yi shiru. Da asuba takan jawo shi bisa sabo, ta girgiza, ta ji wayam, ta mayar ƙarƙashin matashi.

A bayan katangar nan ta gabas gidan Hajiya Maijidda yake. Hajiya mace ce mai jiki, mai haƙorin Makka guda biyu, kuma ba ta dariya sai ta gefen da suke. Tun da ɓarayi suka tsallaka suka ɗauke mata ragon layya, har da igiyar, ta sa aka kafa wata doguwar fitilar sola a kan katanga. Magariba na yi take kunna kanta, ba ta mutuwa sai gari ya waye tangaran. Rabin haskenta a gidan Hajiya, rabi a gidan Mannir. Ladidi ta fi kowa sa wa fitilar nan albarka, don tana ganin butarta da asuba ba sai ta lalube ba. Zakaran Suwaiba ne kawai ya rikice, yana cara lokacin da ya ga dama, har ana cewa aljanu ne.

Dawa ta yi kyau, kai, ta yi kyau har ta ba da tsoro. Cikin marka ta wuce kan Suwaiba, ta wuce kan Mannir, ta leƙa waje. Ladidi takan ja kujera 'yar tsuguno ta zauna a gindinta da hantsi, ta rufe ido. In iska ta kaɗa ganyen, ƙarar ɗaya ce da ta gonar bayan gida a Tudun Marke. Sai ta ga marken nan da ke bakin gona, da ƙwaryar fura a inuwarsa an rufe da faifai, da Malam Sada yana tahowa tsakanin kunya da kunya, fartanya a kafaɗa, yana mita wai ta yi latti. Sai wani mai Keke Napep ya danna oda a lungu, ta buɗe ido ta ga siminti.

Buhu ɗaya ne ya jawo rigima. Ganyensa yana shafar igiyar shanya yana ɓata wa Suwaiba wanki. Ran nan Ladidi ta tafi barka, Suwaiba ta ja buhun ƙiii ta cusa shi a kwanar bayan tankin ruwa. Da Ladidi ta dawo ta gani, ba ta yi faɗa ba. Ta dai ƙi cin tuwon dare, ta ce wai cikinta ne. Kwana biyu suruka da suruka suna gaisawa kamar a asibiti. Buhun ya zauna a can don saiwa ta riga ta motsu, karansa ya tsumbure, ya zama abin tausayi.

Ruwa ya fara ja da baya. Duk wanda ya fito daga hanyar Malumfashi sai ya ce dawa ta yi ciki, wata ma ta fitar da kai, gonaki sun yi bununi. Ladidi takan tashi ta bi karanta ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuyo da su a hankali ta matsa wuyan da yatsu biyu, ko za ta ji ɗan kumburi. Ganye kawai. Sati ya wuce, wani ya bi. Ganye kan ganye, kara sai tsawo yake kamar zai je ya gaida hadari.

Lungu ya ɗauka. Wasu suka ce dawar Inna juya ce. Wasu suka ce namiji ta shuka. Wata ma, Allah ya shirye ta, ta ce ai dawar ta waye ne, ta zama 'yar birni, tsarin iyali take yi.

Ladidi ta yi ta tunani har ta gano mai laifi. Ranar da Hajiya Maijidda ta shigo karɓar yakuwa, ta ɗaga kai ta ce, "Kai! Wannan dawa haka!" Ba ta ce masha Allah ba. Ladidi ta ji da kunnenta. Baki ne, babu wata tantama. Ta samo tsohuwar tukunya mai baƙin gindi ta kife a kan sanda a tsakiyar buhunan. Ta rataya tsohon takalmi. Ta yi tofi a ruwa ta yayyafa safe da yamma. In Hajiya ta gaishe ta ta saman katanga, sai ta amsa da hanci. Duk da haka dawa ba ta ko gezau ba.

Ran wata Laraba da la'asar sakaliya, Suwaiba ta je ɗibar ruwa a tanki, sai ta ƙwala kira.

"Inna! Inna, zo ki ga korarriyarki!"

Ladidi ta taso tana dafa gwiwa. Tsumburarren karan nan na bayan tanki, wanda ko tofi ba a yi masa don an manta da shi, wuyansa ya kumbura kamar an cusa masa ƙwai. Ta sa yatsu biyu ta matsa. Ciki ne. Ta sake matsawa. Ciki ne dai.

Ta zauna a ƙasa a wurin. Ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya. Wannan an wulaƙanta ta ta ɗauka, waɗancan an lallaɓa su sun ƙi. Tana nan zaune aka kira magariba, fitilar Hajiya ta yi fau ta kunna kanta. Tsakar gida ya yi fari tas, buhuna shida suna tsaye cikin haske kamar an tsayar da su gaban alƙali. Inuwar tanki kuwa ta faɗo baƙa ƙirin, ta rufe Ladidi da tsumburarren karan gaba ɗaya.

Sai ta ji muryar Malam Sada kamar yana bayanta. Suna sabon aure, ta taɓa tambayarsa yaushe dawa take yin ciki, don ita ba ta taɓa gani ba, sai dai a wayi gari a ga ta yi. Ya kalle ta ta gefen ido ya ce, "Wa ya gaya miki ana wannan sha'ani a bainar jama'a? Dawa kunya gare ta, ta fi ki. Sai dare ya yi tsawo, an kashe fitila." Ta jefe shi da ludayi a ranar, ta ɗauka iskancinsa ne kawai. Shekara arba'in da wani abu tana ɗauka iskancinsa ne.

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta sa bakin zani ta share ido. Suwaiba ta tsorata.

"Inna, lafiya?"

"'Yar nan, wata huɗu bayin Allahn nan ba su ga dare ba."

Da safe ta saka hijabinta na unguwa, ta tsinki yakuwar Suwaiba ba tare da ta tambaya ba, ta nufi gidan Hajiya. Bayan an gaisa an tambayi gajiya da jikoki, ta ajiye yakuwar.

"Hajiya, gafara na zo nema. Na zarge ki da baki."

"Ni? Baki? Inna lillahi! Shi ya sa kike amsa mini gaisuwa kamar mai mura?"

"Ashe ba bakinki ba ne. Fitilarki ce."

Hajiya ta saurari bayanin tana riƙe da haɓa. Da ta ji dawa kunya take ji, ta yi dariya har haƙoran Makka biyun suka fito tare. Amma da ta ji ana so a kashe fitila, dariyar ta ɗauke.

"A'a, Inna. Komai kika roƙa ban da wannan. Alhaji yana Legas, ni kaɗai ce da yara. Waɗanda suka ɗauki rago sun san hanya. Ke da kika baro garinku saboda abin da ke zuwa cikin duhu, ke ce za ki ce in zauna a duhu?"

Maganar ta soki Ladidi. Ta kalli tayil ɗin ɗakin. Can ta ce, "Ba duhu ya kore ni ba, Hajiya. Shekara sittin ina kwana cikinsa, bai taɓa ɗaukar mini ko allura ba. Mutane ne. Duhun garinmu ma yana cikin abin da nake kewa. In ka fito tsakar gida taurari kamar ka sa hannu ka ɗiba. A nan tun da na zo ban ga ko Zara ba."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Ita ma 'yar ƙauye ce ta wajen Kafur, ko da yake ba ta son a tuna mata.

"Ban ce ki kashe duka ba," in ji Ladidi. "Naki rabin ki riƙe. Nawa rabin nake so ki ɗauke."

"Ana raba haske ne, Inna?"

"Ana yi masa lulluɓi."

Da yamma Mannir ya dawo daga shago ya tarar an jingina masa tsani. Ya hau yana gunaguni, wai shi mai gyaran inji guda an mayar da shi mai yi wa fitila kwalliya. Hajiya ta miƙo wani tsohon faranti na silba da baƙin mayafinta da ta daina sawa. Aka ɗaure farantin ta ɓangaren gidan Mannir, aka naɗe da mayafin, aka ɗaure da waya. Magariba ta yi, gidan Hajiya ya haske, gidan Mannir ya yi duhu. Kafin isha labari ya gama lungu cewa fitilar Hajiya Maijidda ta shiga kulle. Zakaran Suwaiba kuwa tun daga ranar aljanunsa suka sauka.

Sai dai an makara. Ruwan sama ya ɗauke, ƙasar buhu kuma ba ta riƙe laima kamar gona. Ladidi ta koma yin alwala a cikin roba, ta juye a gindin dawa, sau biyar a rana. Suwaiba, ba wanda ya roƙe ta, ta fara tara ruwan wankin shinkafa da na ɗauraya tana kaiwa. Ta ma bar tumatirinta ɗaya ya bushe, ta ce dama ya tsufa. Duk da haka dogayen karan suka fara rawaya daga ƙasa. Iska ta karya uku. Huɗu suka bushe a tsaye ba su ce komai ba. Kowanne ya faɗi, Ladidi takan tsaya a kansa jim, kamar an yi mata rasuwa a dangi na nesa.

Uku suka yi ciki a makare, suka fitar da kai ƙanana kamar tsintsiyar yara. Tsumburarriyar bayan tanki ita ce ta fitar da zangarniya ta gaske, mai nauyi, har ta sunkuya. Tsuntsayen birni da ba su taɓa ganin dawa kyauta ba suka yi gayya. Ladidi ta yanka tsohon gidan sauro ta ɗinka wa kowace zangarniya hula. Wuni take a zaune da 'yar sanda a hannu, ko biki aka yi a lungu ba ta zuwa, sai dai ta aika da gaisuwa.

Ranar da ta yanke, manoman gaske sun daɗe da kai tasu rumbu. Ta shimfiɗa faifai a tsakar gida, ta murza zangarniyar da tafin hannu, ta hura ƙaiƙayin a hankali. Na dogayen karan yawanci fanko ne, iska ta kwashe. Abin da ya zauna a faifai bai kai cikin gwangwanin madara ba. Rawaya, mai ɗan ja a gindi.

Hajiya Maijidda ta leƙo ta saman katanga, a kan turmi take tsaye. "Masha Allah!" ta ce da ƙarfi. "Kin ji ko, Inna? Na faɗa. Kowa ya shaida."

"Na ji, Hajiya. Allah ya tsare miki ragon bana."

Mannir ya tsuguna gefen faifan. "Wata shida, Inna, da tsani da mayafi da komai. Ko kunun mutum ɗaya ba zai yi ba."

"Wa ya ce maka na sha ne?"

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa a baki ya tauna, kamar yadda ubansa yake yi a bakin masussuka. Ya tauna a hankali. Ya juya yana kallon tanki, kamar akwai abin kallo a jikin tanki. Da ya sa hannu zai ƙara, Ladidi ta buge hannun.

"Ɗaya ta ishe ka tunawa."

Ta shanya irin kwana uku tana gadi. Ta barbaɗa masa ɗan toka saboda ƙwari, ta naɗe takarda ta yi mazurari, ta ɗura a gora, ta toshe da totuwa. Suwaiba ta tambaye ta, "Baɗi kuma a ina, Inna? Buhu ko gona?"

Ladidi ta dubi gabas, ta inda hanyar Maska take, ko da yake katanga ce kawai a wurin da fitila mai lulluɓi.

"In hanya ta buɗe, a gindin marke. In ba ta buɗe ba, kada ki zubar mini da buhuna. Kuma duka bakwai a bayan tanki za ki cusa su, tun da hannunki ne mai sa'a."

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin katifa. Ba asuba ba ce, rana tsaka ce, amma ta kai goran kunne ta girgiza.

Kacau, kacau.